Babi na Bakwai: Otal a Kan Dutse

A shekarar 1871 wasu mutum biyu 'yan ƙasar Suwizalan, Franz Josef Bucher da Josef Durrer, suka sayi wata makiyaya a kan wani dutse da ya kutsa kai cikin tafkin Luzern. Sana'arsu ta katako ce, suna da injin tsaga itace, suna kuma yi wa gidajen masu hali daɓen katako. Makiyayar da suka saya ba ta da hanyar kirki, ba ta da komai sai ciyawa da shanu da iska. Shekara biyu da cinikin, a 1873, suka buɗe Grand Hotel a wurin, masu kuɗin Turai kuwa suka fara tururuwa. A 1888 suka shimfiɗa dogo a jikin dutsen, suka sa tarago mai aiki da lantarki wanda igiyar ƙarfe ke ja daga bakin ruwa har sama. A 1905 aka gama sassaƙa wata siririyar hanyar ƙafa a gefen dutsen, aka kafa lif mai tsayin mita 153 a ƙarshenta, wanda har yau babu lif na waje da ya kai shi tsawo a Turai. Bucher bai tsaya nan ba. Ya yi ta gina otal-otal har ya dangana da Alƙahira, inda ajali ya same shi a 1906 yana tsakiyar aikin otal ɗin Semiramis a bakin kogin Nilu.

Sunan dutsen Bürgenstock, kuma a kansa zan tsaya a wannan babi, domin kusan duk abin da ake nufi da hutun alfarma a kan tsaunukan Alps ana iya ganinsa a wuri guda a can.

Baƙon yau yakan fito daga tashar jirgin ƙasa ta Luzern, ya taka kaɗan zuwa bakin ruwa, ya shiga jirgin ruwan da ke kai mutane Kehrsiten. Tafiyar ba ta cika rabin sa'a ba. Daga nan sai jan tarago ya ɗauke shi, ya dinga hawa da shi ta cikin kurmi, tafkin yana ta ƙanƙancewa a bayansa, kunnuwansa su toshe har sai ya haɗiyi yawu. Kafin ya ankara ƙofa ta buɗe, ya tsinci kansa a cikin ginin otal, kusan mita 500 sama da ruwan da ya baro. Jaka kuwa tuni wani ya karɓe ta. A ɗaki, bango guda gilashi ne tun daga ƙasa har rufi. An ajiye bahon wanka daidai jikin taga, ga murhun ɗumama ɗaki, ga doguwar rigar tawul fara a rataye, da silifa a ƙarƙashinta. In ya leƙa zai ga dutsen Rigi a wannan gefe, Pilatus a wancan. A lokacin kaka, da safe, hazo kan kwanta ya rufe tafkin da garin gaba ɗaya, mutanen ƙasa suna cikin duhu-duhu da sanyi, shi kuwa na sama yana shan hantsi, farin hazon a ƙarƙashin ƙafarsa.

Abin da ya fi kama mutum a daren farko shi ne shiru. Babu ƙarar janareta, babu odar mota, babu lasifika. In ka buɗe taga ba abin da za ka ji sai ƙararrawar da manoman yankin ke rataya wa shanu a wuya. Mutumin birni kan kasa barci a irin wannan dare, saboda kunnensa ya saba da hayaniya, sai ya yi ta sauraron bugun zuciyarsa. Sai a dare na biyu ko na uku jiki ke yarda ya saki. Saboda haka nake ganin wanda ya biya kuɗin kwana ɗaya tak ya sayi kallo ne kawai, hutun bai riga ya iso shi ba.

Wanda bai san tarihi ba zai ɗauka masu kuɗi ne suka ƙirƙiro wannan rayuwa don jin daɗi. Asalinta na marasa lafiya ne. Kakan otal ɗin kan dutse asibiti ne, kuma har yanzu kamannin kakan suna nan a fuskar jikan, in mutum ya san inda zai duba.

Da ruwa aka fara. A gabashin Suwizalan akwai wani matsattsen kwazazzabo da kogin Tamina ya ratsa, kusa da ƙauyen Pfäfers. Wajajen shekarar 1240 aka gano wani marmaro a can ciki, mai ɓulɓulo da ruwan ɗumi, digiri 36.5, kusan daidai da zafin jikin ɗan Adam. Babu hanyar sauka. Da igiya ake zura majiyyaci, wani ma sai an ɗaure masa ido don kada tsoro ya kashe shi kafin ciwo. Da yake fitowa ma wani tashin hankalin ne, wanda ya sauka yakan zauna cikin ruwan kwana da kwanaki, a nan zai ci, a nan zai yi gyangyaɗi, har fatarsa ta yi laushi ta fara tsagewa, likitocin zamanin kuma su ce cutar ce ke fita. A 1535 shahararren likitan nan Paracelsus ya zauna a wurin, ya rubuta littafi kan amfanin ruwan. Sai a 1840 aka yi dabarar jawo ruwan ta bututun katako, tafiyar kilomita 4, zuwa filin Ragaz, inda daga baya manyan otal-otal suka tashi. Can kudu kuma, a St. Moritz, akwai marmaro mai sinadarin ƙarfe wanda aka tono tsohon katakon da aka kewaye shi da shi, masana suka auna suka ga ya haura shekara 3,400. Mai karatun da ya taɓa shiga ruwan Wikki a Yankari, wanda ɗuminsa ke tsaye wajen digiri 31 rani da damina, ya san yadda irin wannan ruwa ke kwance wa mutum gaɓoɓi, ya kuma san dalilin da zai sa a yarda yana magani.

Bayan ruwa sai iska, kuma labarinta ya fi ɗaci. A ƙarni na 19 tarin fuka ya addabi biranen Turai, yana kashe matasa a unguwannin ma'aikata masu cunkoso da hayaƙin gawayi, bai kuma bar gidajen sarauta ba. Magani babu. Wani Bajamushe mai suna Alexander Spengler, wanda ya gudo daga ƙasarsa bayan tawayen 1848, ya sami aikin likita a 1853 a wani ƙauyen manoma da ake kira Davos, mita 1,560 sama da teku. Ya lura cewa mutanen kwarin ba su cika kamuwa da cutar ba, waɗanda suka je birni suka kwaso ta kuma sukan ji sauƙi in sun dawo gida. Ya ce sirrin yana cikin iskar dutse, busasshiya, mai sanyi, mai tsabta. A farkon 1865 baƙin hunturu na farko suka iso. A 1867 wani Baholande, Willem Jan Holsboer, ya kawo matarsa mai fama da cutar. Ba ta tashi ba, amma shi ya zauna, ya zuba ƙarfinsa a garin, shi ne ya tsaya aka kawo jirgin ƙasa Davos a 1890, shi ne kuma ya assasa katafaren gidan jinya na Schatzalp, wanda aka buɗe a 1900 a kan tudun da ke saman garin.

Ya kamata a dubi rayuwar wannan gida da kyau. Kowane ɗaki mai tsada yana da baranda mai fuskantar kudu, inda rana ta fi daɗewa. A barandar akwai doguwar kujerar kwanciya. Majiyyaci zai fito, a naɗe shi da barguna tun daga ƙirji har tafin ƙafa, ya kwanta sa'o'i a cikin sanyi, safe da yamma, ko da dusar ƙanƙara na zuba. Sau da yawa a yini zai sa ma'aunin zafi a baki, ya rubuta abin da ya gani a takarda. A aljihunsa akwai 'yar shuɗiyar kwalba mai murfi da yake tofa majina a ciki, don kada ya tofar a ƙasa. Ana ciyar da shi sau da yawa, abinci mai maiƙo da madara, domin cutar tana ramar da mutum. Akwai lokacin tafiya a ƙafa, da lokacin da ba a yarda kowa ya yi magana ba, da lokacin kashe fitila. Masu hali sukan yi wata da watanni, wasu shekaru. Marubuci Robert Louis Stevenson ya yi hunturu biyu a Davos, a can ya ƙarasa littafinsa Treasure Island. Thomas Mann ya je duba matarsa Katia a 1912, abin da ya gani kuma shi ya haifi littafinsa Der Zauberberg na 1924, labarin saurayin da ya je ziyarar mako uku ya ƙare da shekara bakwai.

Wasu sun warke, domin hutu da abinci mai kyau da nisantar cunkoso suna taimaka wa jiki ya yi yaƙi da kansa. Da yawa kuma maƙabartar Davos ce ta karɓe su. Talakan da ya fi kowa bukatar wannan hutu shi ne bai iya biya ba, sai daga baya da gwamnatocin jihohi da ƙungiyoyin agaji suka gina nasu gidajen jinya na jama'a.

Robert Koch ya gano ƙwayar cutar tun 1882, amma sai a 1943 aka samo maganin streptomycin a Amurka, isoniazid kuma ya biyo baya a 1952. Cikin 'yan shekaru gadaje suka zama wayam. Abin da ake kwashe shekara ana nema a baranda ya koma allura da ƙwaya. Masu gidajen suka waiwaya suka ga suna da gine-gine masu ɗaruruwan ɗakuna, da kuku, da masu wanki, da jirgin da ke hawa dutse, sai dai babu majiyyata. Schatzalp ya koma otal a farkon shekarun 1950, barandarsa da kujerun kwanciyar suna nan har gobe. Garin Davos ya koma wasan zamiya a kan ƙanƙara da karɓar taruka, tun 1971 kuma yake saukar da taron tattalin arzikin duniya da ake jin labarinsa a rediyo kowace shekara. St. Moritz dama ta riga ta kama wannan hanya. Ana ba da labarin cewa a 1864 mai otal Johannes Badrutt ya ce wa baƙinsa Ingilishi su dawo da hunturu, in ba su ji daɗi ba shi zai biya kuɗin tafiyarsu. Suka zo, suka zauna har bazara. Garin ya karɓi wasannin Olamfik na hunturu a 1928 da 1948.

To, yanzu mu koma ga baƙonmu da farar rigarsa. Ya sauka sashen wanka da tausa, wanda a Bürgenstock faɗinsa ya kai murabba'in mita 10,000. Zai ga ɗakin hutu mai jerin dogayen kujeru suna fuskantar taga, da bargo a kan kowace, da allon da ke roƙon a yi shiru. Zai ga ma'aikata cikin fararen kaya suna magana ƙasa-ƙasa. Za a miƙa masa takarda ya rubuta ko yana da hawan jini, ko ciwon zuciya, ko wani abin da jikinsa ba ya so. Za a tsara masa sa'ar tausa da sa'ar shiga ruwa. Tsarin gidan jinyar ne sak, tarin da shuɗiyar kwalbar kawai aka cire.

Tafkin wankan da ya yi suna a waje yake, a leɓen dutse. Ruwansa mai ɗumi ne, kuma an gina shi yadda bakinsa ba ya ganuwa, sai ka ga kamar ruwan yana kwarara kai tsaye cikin tafkin Luzern da ke can ƙasa. Da hunturu tururi na tashi daga kansa, kafaɗunka cikin ɗumi, gashin kanka yana daskarewa. Mutane kan yi tsit a wurin ba tare da an ce su yi ba.

Ɗakin zufa, wanda 'yan Finlan suka ba duniya da sunan sauna, shi ne zuciyar wurin. Ɗaki ne na katako mai benci hawa-hawa, zafinsa digiri 80 zuwa 90, iskarsa busasshiya. Benci na sama ya fi zafi, sabon shiga a ƙasa yake zama. Ana shimfiɗa tawul yadda ko ɗigon gumi ba zai taɓa katakon ba, wannan doka ce da ba a wasa da ita. A jikin bango akwai agogon yashi na minti 15. A wasu sa'o'i wani ma'aikaci kan shigo da bokiti da ludayi, ya rufe ƙofa, ya kwarara ruwa mai ƙamshin itace a kan duwatsun da suka yi jajir. Ruwan ya yi ƙara ya ɓace, shi kuma ya ɗaga tawul ya dinga kaɗa shi, yana kora tururin kan mutane layi-layi. Zafin kan sauko a kafaɗa kamar an ɗora maka hannu. Wanda ya san sirace, ya taɓa lulluɓa da bargo a kan tukunyar ganyen darbejiya, ya san ɗan'uwan wannan abu. Daga nan sai a fita, a sha iska, a tsunduma cikin ruwan sanyi, a koma a kwanta aƙalla gwargwadon lokacin da aka yi a ciki. Masu gaggawa kwanciyar nan suke tsallakewa, alhali ita ce rabin aikin. A gefe kuma akwai ɗan kwarmin ruwan sanyi iya gwiwa, da tsakuwa a ƙasansa, wanda ake takawa a hankali ana ɗaga ƙafa. Wannan gadon Sebastian Kneipp ne, wani limamin coci na Bavariya da ya rasu a 1897, wanda shi ma tarin fuka ne ya tura shi neman magani a ruwan sanyi.

Nawa ne gaskiya a cikin abin da ake faɗa kan amfanin duk wannan? Akwai gaskiya, akwai kuma ƙari. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini, zuciya ta ƙara gudu kamar ta mai tafiya da sauri, tsoka ta saki. A 2015 masu bincike a Kuopio ta ƙasar Finlan suka wallafa sakamakon bin diddigin maza fiye da 2,300 na tsawon kimanin shekara 20, suka ga masu shiga ɗakin zufa sau 4 zuwa 7 a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar ciwon zuciya. Sai dai waɗannan mutane ne da abin ya zama musu al'adar rayuwa, kuma binciken bai tabbatar da cewa zufar ce kaɗai sanadi ba. Kwana uku a otal ba zai yi wannan aiki ba. Maganar da ake yawan rubutawa a takardun talla, wai gumi ko laka ko wani shayi yana fitar da guba daga jiki, ba ta da tushe. Hanta da ƙoda ne ke wannan aiki, kuma ba sa jiran a biya kuɗi. Abin yana ɓata mini rai, domin wurin yana da alheri na gaske da ya isa a tallata shi ba tare da an yi wa mai rauni alkawarin da ba za a cika ba. Mai ciwon zuciya, da mai juna biyu, da wanda jininsa ke hawa da sauka, su tambayi likita kafin su shiga zafin nan, kada kuma kowa ya shiga da ƙishirwa.

Ita ma iskar dutse haka. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kimanin digiri 6 da rabi, iska ta ƙara sirancewa, rana kuma ta ƙara ƙuna ko da ana jin sanyi. A tsayin Davos ƙananan ƙwarin ƙura da ke tayar wa masu asma da ciwo ba sa jin daɗin rayuwa, shi ya sa har yau akwai asibitin masu ciwon huhu da na fata a can. Bürgenstock kuwa bai kai mita 900 ba inda otal-otal ɗin suke, wato wanda ya kwana a Jos ya kwana a sama da haka, tsayin Davos kuma kusan na Obudu ne ko Mambila. Turawan mulkin mallaka ma da wannan tunani na iskar tudu suka mai da Jos wurin hutunsu. Ciwon kai da jiri na hawan dutse sai an haura wajen mita 2,500 yake fara damun yawancin mutane.

Akwai abin da ya wajaba Musulmi, da duk mai kunya, ya sani tun kafin ya biya kuɗi. A ƙasashen da ke magana da Jamusanci, al'adar ɗakin zufa ita ce a shiga babu tufafi, sau da yawa maza da mata a haɗe, su kuwa a wurinsu tsabta ce, ba sa kallon abin da wata manufa. Manyan otal-otal da yawa suna da sashen mata zalla, ko ɗakin da ake shiga da kayan wanka, ko wanda iyali za su kama su kaɗai, musamman tun da baƙi daga ƙasashen Larabawa suka yawaita. Amma ba a ɗauka cewa akwai, tambaya ake yi. Haka wajen tausa, mutum yana da damar cewa namiji yake so ko mace, kuma babu mai ganin baƙonsa. Haka abinci, a tambayi naman, a tambayi ko an sa giya a miya ko a kayan zaƙi, domin girkin Turai yana yawan yin haka. Wanda ya je a watan Yuni kuma ya shirya wa doguwar rana, magariba ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai.

Shirun da baƙo ke saya, da gumin wasu ake yin sa. A bayan bangon akwai wasu hanyoyi da wasu lif da baƙo ba ya gani, inda ake tura kekunan tawul da zanen gado dare da rana. Mutum ɗaya a sashen wanka yana iya ɓata tawul huɗu ko biyar kafin azahar, kuma kowanne akwai hannun da zai ɗauka, ya wanke, ya ninke. Akwai mai auna tsabtar ruwan tafki tun kafin gari ya waye, da mai share ƙanƙara a hanya, da mai tausa da ke tsaye yini guda tana aiki da yatsu har su yi tsami. Suwizalan tana alfahari da wannan sana'a. Ita ta haifi César Ritz, yaron ƙauye daga Valais da sunansa ya zama alamar alfarma, a Lausanne kuma aka buɗe makarantar koyon aikin otal ta farko a duniya a 1893. Amma babban kaso na masu aikin baƙi ne, daga Fotugal, Italiya, Jamus da gabashin Turai. Shekaru da dama ƙasar ta yi aiki da wata doka ta ma'aikatan lokaci, wadda ta yarda mutum ya zo ya yi wata tara yana aiki amma ta hana shi kawo matarsa da 'ya'yansa. Akwai yaran da aka shigo da su a ɓoye, suka tashi a kulle cikin ɗaki don kada maƙwabta su ji motsinsu. Sai a 2002 aka soke dokar. Yau albashi da sharuɗɗan aiki sun fi na yawancin ƙasashe, kuɗin hidima ma yana cikin lissafin da ake ba baƙo, amma gidan haya a garuruwan dutse ya yi tsadar da mai gyaran ɗaki ba ta iya zama kusa da inda take aiki. Wanda ya kwana a irin wannan wuri, mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya dubi fuskar mai yi masa hidima, ya gaishe ta, ya san sunanta.

Keɓewar da ke jawo masu neman hutu ita ce ke jawo masu neman sulhu. Dutsen da ruwa ya kusan kewaye shi, mai hanyoyin shiga ƙalilan, yana da sauƙin tsaro, kuma waɗanda aka tara a kansa ba su da wurin zuwa sai teburin magana. A shekarun 1950 taurarin fim ne suka mamaye shi. Audrey Hepburn a ɗan cocin da ke wurin aka ɗaura mata aure da Mel Ferrer a 1954, Sophia Loren ma ta zauna a can. A watan Janairun 2002 kuwa wakilan gwamnatin Sudan da na 'yan tawayen SPLM suka hau dutsen, Suwizalan da Amurka suna shiga tsakani, suka sa hannu kan tsagaita wuta a tsaunukan Nuba. Yarjejeniyar ta ba da damar kai agaji ga mutanen da yaƙi ya datse shekaru, ta kuma share fagen babbar yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005. A 2004 Kofi Annan, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya na lokacin, ya tara shugabannin ɓangarorin tsibirin Kubrus a nan, amma shirinsa na sulhu ya faɗi a ƙuri'ar raba gardama. A Yunin 2024 wakilan ƙasashe kusan 90 suka hallara kan yaƙin Yukren, ba tare da Rasha ba.

Wurin da masu taron 2024 suka taru ba shi ne na Bucher da Durrer ba. Tsofaffin otal-otal ɗin sun tsufa, kasuwa ta ja baya, har kamfanin Katara Hospitality na ƙasar Katar ya karɓe su, ya kashe fiye da faran miliyan 500 na Suwizalan, aka sake buɗewa a 2017. Ana jawo ruwan tafkin zuwa sama a yi amfani da shi wajen ɗumama gine-ginen da sanyaya su, dabarar da ta rage ƙona mai sosai. Duk da haka, tafkin ruwan ɗumi a fili cikin hunturu, da baƙin da jirgin sama ya kwaso daga wata nahiya, suna da nasu nauyi a kan yanayi, kuma tsaunukan da ake zuwa kallo su ne ke biya. A 2022 da 2023 kaɗai, daskararriyar ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan ta yi asarar kashi 10 cikin 100 na girmanta.

Kuɗin ɗaki a babban otal ɗin, lokacin da kasuwa ta cika, yakan haura faran 1,000 a dare guda. Amma dutsen ba a katange shi ba. Duk mai tikitin jirgin ruwa da tarago yana iya hawa, ya bi hanyar nan da aka sassaƙa a 1905, ya tsaya inda dutse ya yanke a ƙarƙashinsa, ya shiga lif ɗin Hammetschwand ya kai ƙololuwa, mita 1,100 da 'yan kai. Za ka ga tsofaffin Luzern da sandunan tafiya, da iyaye da yara da burodi da cuku a jaka, suna shan iska ɗaya da ta mai ɗakin faran dubu. A bakin kurmin kuma, cikin sababbin gine-ginen da aka buɗe a 2017, akwai Waldhotel, wanda Matteo Thun ya zana. An gina shi da likitoci da ma'aikatan jinya a ciki, don masu murmurewa bayan tiyata da waɗanda gajiyar aiki ta durƙusar, ɗakunansa kuma suna da baranda mai fuskantar kudu.